Garin da Ka Ɓoye a Gwangwanin Madara

Auta,

Na tafi da Mama asibiti. Kana can kana ɗaga ƙarfe, ko waya ba ka ɗauka.

Garin nan naka mai kafeyin, wanda kake sha kafin motsa jiki wai yana ƙara maka ƙarfi, ashe a gwangwanin madarar Mama ka juye shi don kada Baba ya gani? Da shi ta haɗa shayi da safe. Ta ji ɗaci, amma ta shanye, ka san ba ta zubar da abu. Mace mai hawan jini, Auta! Kafin ta gama shara hannunta na rawa, zuciyarta kamar za ta fasa ƙirji. Ina shinshina gwangwanin na gane aikinka ne.

Ka nemo robar da garin ya zo a ciki, likita zai so ya gani. Ka biyo mu da ita, ko wanka kada ka tsaya yi. Baba kuwa da bakinka za ka gaya masa.

Tana dafe da ƙirji tana roƙona in rufe maka abincinka kada ya huce. Na rufe. In zai haɗiyu, ka ci.

Yayarka