Abin da Aka Ciro Daga Cikin Yayanka

Limancin Kona, Zariya, 1956

Zuwa ga ɗana Yakubu a Kumasi,

Assalamu alaikum. Malam Isma'ila maƙwabcinmu ke rubuta wannan takarda, ni ke faɗa, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Rahmatu da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Ƙanwarka Kande ta sauka, an sami mace. Dawa ta yi bana, gero bai yi ba. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta.

Inuwa mai goro ya dawo daga wajenku, ya ce ya gan ka duk ka rame, wai loma kaɗan kake yi ka ce ka ƙoshi, wani lokaci ma ka amayar. Dalilin takardar ke nan, don haka a karanta maka ita har ƙarshe. Da haka ciwon yayanka ya fara tun bara. An yi rubutu ya sha, an jiƙa saiwoyi, wanzami ya yi ƙaho, ramewa dai sai gaba take yi, ga warin baki. Mutane suka ce jifa ne daga abokan sana'a. Ni kuwa na sa ya kwanta na danna cikinsa, sai na ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙari, kamar ɗanyar gwanda, in ka tura shi ya gusa, ka saki ya dawo. Na ce a kai shi asibitin Wusasa. Baffanku Mamman ya ce can yanka mutane ake yi. Na tambaye shi me ya yi wa marar lafiyar ban da zuwa dubiya da cinye masa tuwo.

Likitan Bature ne, ya daɗe yana danne-danne, sannan ya tura shi Kaduna. Can aka ba shi wani farin abu ya sha, kamar an dama alli, aka ɗauki hoton cikinsa. Da aka dawo da hoton Wusasa, na ce sai na gani. Malama Hilda, nas ce, Bahaushiyar Wusasa, ta ɗaga mini hoton a bakin taga. Yakubu, na ga ƙasusuwan ɗan da na haifa yana zaune kusa da ni da ransa. Farin nan ya kewaye wani abu a tsakiyar tumbi, ya kasa ratsa shi. Likita ya ce ba zai tabbatar da ko mene ne ba sai ya buɗe. Na tambayi Hilda yadda za a buɗe mutum bai yi ihu ba, ta ce akwai abin da ake shaƙa masa ya yi barci. Na ce a bar ni in tsaya in kalla, suka hana.

Da aka gama, Hilda ta kawo mini abin a tasa. Baƙi ne, ya yi siffar tumbin da ya fito ciki, har da 'yar wutsiya, warinsa kuma ba a magana. Mamman ya fara salati yana cewa ga jifan nan ya fito. Likita ya yanka abin gida biyu, ya sa aka zuba ruwa. Zare ne. Fari, kore, shuɗi, har da na silikin tsamiya, sun dunƙule kamar gammo. Ya tambaya ko mutumin nan maɗinki ne. Kai ka san sauran. Mahaifinku ya koya muku cewa in kun ciji zare a wuyan babbar riga kada ku tofar da guntun a ƙasa, kada wani ya tsinta ya yi wa mai rigar asiri, a ce daga zaurenmu ne. Haɗiyewa kuke yi tun kuna yara. Ni na ɗauka yana fita kamar kowane abinci. Hilda ta ce cikin mutum yana narkar da nama, amma ba ya iya auduga. Har yau ina juya wannan magana, nama da taurinsa, auduga da laushinta. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya iya allura, amma wannan karatun nasa ya kusa kashe masa ɗa.

An ɗinke tumbin, an ɗinke fata, aka zura masa roba ta hanci, aka hana shi ko ruwa na 'yan kwanaki, sai wanda ake ɗura masa ta hannu. Daga baya aka fara da koko. Ranar da aka buɗe ciwon ya leƙa ɗinkin likita, ya ce da a zaurensa aka yi wannan aiki, da ya sa an warware. Yanzu yana cin tuwo har da ƙari, ya kuma ajiye ƙoƙo kusa da shi yana tofawa, da yamma matarsa ta zuba a murhu.

To kai ma zaure ɗaya kuka tashi. Gobe da safe kafin ka ci komai ka kwanta rigingine, Rahmatu ta danna ƙarƙashin haƙarƙarinka. Ko ta ji abu ko ba ta ji ba, ka je asibiti ka ce musu zare kake haɗiya, kada ka ji kunya, kada kuma ka jira sai ka kasa tafiya da ƙafarka. In an ciro, ka duba mini ko naka ma launi-launi ne.

Ka gai da Rahmatu, da Ɗahiru mai masaukinka, da yaran duka. Yayanka da Kande suna gaishe ka. Allurai biyun da ka tafi da su na yayanka ne, ka aiko masa ta hannun Inuwa. Hilda tana bin mu daddawa, Kande za ta kai. Likita ya riƙe zaren a kwalba, na ce a gaya masa aro ne. Kai kuma ba na son atamfa, ba na son goro. Ka je a buɗe ka tun ina da ƙarfin yi maka addu'a.

Ni ce mahaifiyarka,
Sailuba