Baba, Na Je Na Ga Rijiyar

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa tare da ban girma, cikin sunan Ubangijin da ya kira ka gida. Damina biyu ke nan da muka binne ka. Mama tana lafiya, tana nan Sabon Tasha, ta ƙi dawowa wurina.

Baba, akwai abin da na ɓoye maka.

Ka ƙare rayuwarka kana aikin duba-gari, kana bi gida-gida a kan keke, kana leƙa randa da masai. Ni kuwa a makarantar likitanci ban taɓa faɗa wa kowa aikinka ba. Ma'aikacin gwamnati nake cewa, in sauya zance.

Darasin lafiyar jama'a, wanda shi ne aikinka, "darasin masai" muke kiransa. Ranar Juma'a da la'asar ake sa shi, bayan rabin aji sun watse. Malamin ya karanto mana takardun da suka yi ja don tsufa, mu sa wa juna hannu a rajista. Da aka kai mu ƙauye mu ga inda mutane ke ɗiban ruwa, a gindin mangwaro muka yini muna karta, muka kwafe rahoton 'yan bara. Duk muka ci. Wani babban malamin tiyata yakan ce wanda kansa ba ya ja, ya je ya ƙirga masai. Aji ya fashe da dariya. Har da ni, Baba, sanye da farar rigar da ka saya mini da guminka.

A daminar bana wata mai ƙosai daga unguwar Romi ta kawo mini 'yarta Saratu asibiti, mai shekara huɗu, tana amai da gudawa. Na sa mata ruwa, ta farfaɗo, na sallame su. Bayan mako uku suka dawo. Na sake sa ruwa, har na yi wa uwar faɗa a kan ƙazanta. Ta sunkuyar da kai tana cewa, "Yi haƙuri, likita." A zuwa na uku, a kan benci yarinyar ta cika, ina neman jijiya a hannunta.

Sai a lokacin maganarka ta faɗo mini: "Kafin ki tambayi mutum me ke damunsa, tambaye shi ina yake shan ruwa."

Ranar Lahadi bayan coci na je gidansu. Tsakanin rijiyarsu da ramin masai bai fi taku biyar ba. Ruwan sama ya cika ramin, ya tumbatsa, yana gangarowa ta gefen rijiyar. Ƙudaje baƙi ƙirin a kan guga. Na koma bayan katanga na yi amai. Ɗakuna takwas ke sha daga nan, Baba. Kai da kallo ɗaya za ka gane. Ni da takardar likita sau biyu na mayar da yarinyar ga ruwan nan.

Limamin cocinsu ya tara maza, aka rufe rijiyar, mata suka koma ɗiba a famfon bakin titi. Na rubuta wa makarantarmu na roƙi a turo ɗalibai su gani da idonsu. Aka ce za a turo shida. Biyu suka zo, ɗaya hankici a hanci, yana tambayata ko wannan zai fito a jarrabawa.

Abin da ya fi ci mini rai, har yau in na wuce maman Saratu sai ta ƙulle mini ƙosai, tana cewa na yi iya ƙoƙarina. Nakan karɓa don kada ta ji kunya. Ban taɓa iya ci ba.

Ka yafe mini, Babana. Ubangiji ya ƙara maka hutawa, ya rungumi Saratu, ya ta'azantar da uwarta. Amin.

'Yarka,
Hannatu