Kan Maraƙi Maƙaryaci Ne

Zuwa ga ƙanwata Vernice, a Detroit.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinki, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki Lemuel da yara da jikoki. Ubangiji Ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, Ya kare ku daga sanyin garinku da ba na mutane ba. Mu nan lafiya lau, in ban da bayana da ke yi mini tsiya da safe. 'Yata Shirlene tana nan tana aikinta a gidan kula da tsofaffi, in ta dawo kuma ta mai da ni ɗaya daga cikinsu, ta ɓoye gishiri, ta ƙirga mini ƙwayoyi. Shanu sun rage tara. Dankali ya yi kyau bana. Sabon faston da aka kawo mana mutumin kirki ne, sai dai bai san inda wa'azi ke ƙarewa ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji biyu na yi aka cire ni zuwa gonar auduga, abin da na iya ma matata marigayiya Earlene ce ta koya mini a teburin cin abinci. Na ƙi kiranki a waya ne don ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Kuma ban manta da kaskon ƙarfen Mama da kika tafi da shi aro shekara arba'in da ɗaya ba.

Na san Shirlene ta riga ta tsegunta miki cewa na shiga filin ƙwallon jami'ar Tarrance, kuma na san maƙwabcina Cleophus Dabney yana yawo da nasa labarin, wai an gan ni, ni Ozell, ina rawa da fararen mata. To, ki ji daga bakin mai ita. Ke ce shaidar rantsuwar, don haka ke ce ya kamata ki san yadda aka yi da ita. Kin tuna ina ɗan shekara goma sha bakwai na yi wata goma sha huɗu ina ɗaukar siminti da bulo a ginin filin nan, har kafaɗata ta yi kanta. Kin tuna ranar buɗewa na sa farar rigar Baba, ke kika goge mini ita da dutsen guga na gawayi, kina 'yar shekara goma, har kika ƙona yatsa. Na je ƙofar gabas, wadda da hannuna na yi mata kwaɓa, mai gadi ya sa sanda ya tare ni, ya ce wannan ƙofa ba ta irinmu baƙar fata ba ce, in zagaya tudun bayan shingen waya in leƙa in ina so. Na dawo gida da ƙafa, kika ga rigar ko tattarewa ba ta yi ba, kika fashe da kuka. Ranar na rantse ƙafata ba za ta sake taka ƙofar nan ba. Doka ta sauya, 'ya'yanmu suka cika filin, har suka zama su ne gwanayen, ban motsa ba. Shekara sittin da ɗoriya, ko ta titin ba na bi.

Sai ga jikana Montrell. Rabonki da shi tun yana da wushirya a gaba, to har yanzu bai yi wani jiki ba. Akwai wasu mutane da ke zaune a ofis suna raba wa yaran sakandare 'yan ƙwallo taurari gwargwadon gwaninta, wannan biyar, wancan huɗu, kamar su suka halicci sama. Montrell ko rabin ɗaya bai samu ba. Babu jami'ar da ta aiko masa takarda. Cleophus ya ce a gaban coci wai yaron nan in iska ta taso sai a je neman shi a wata jiha, wai a sa masa duwatsu a aljihu. Na ce masa shi da Allah Ya ba jiki kamar randa, me ya taɓa tarewa a duniya ban da kwanon abinci.  Yaron ya tattara takalmansa ya kai kansa Tarrance ba gayyata, ya shekara guda cur manya suna koyon duka a jikinsa wurin atisaye, ko rigar wasa ba a ba shi ranar Asabar ba.

Tunda ke ba ki taɓa fahimtar ƙwallon Amurkan nan ba, kullum kina cewa ƙarti ne ke faɗawa kan juna, bari in gaya miki aikinsa. Mai tsaron kusurwa ne. Yana tsayawa can gefen fili shi kaɗai, fuska da fuska da wanda ya fi kowa gudu a cikin abokan karawa. Wancan ya san inda za shi, ya san inda za a jefo masa ƙwallo. Montrell bai sani ba, kuma da baya yake fara gudu. In ya hana a cafe, ba mai lura. In aka wuce shi sau ɗaya, mutum dubu arba'in sun ga lambar bayansa. Yanzu ki gaya mini, ina yaro zai koyi wannan in ba a ƙofar shingena ba? Tun yana shekara takwas nake tsai da shi a bakin ƙofa ranar da muke raba maruƙa da iyayensu. Maraƙi zai taho a guje, ya karkata kai hagu, yaro ya bi hagu, shi kuwa ya sulale dama ya tafi daji. Montrell ya sha ƙasa da kashin shanu ya fi a ƙirga. Kullum ina gaya masa kan maraƙi maƙaryaci ne, ido ma maƙaryaci ne, ƙugu ne kawai ba ya ƙarya, inda ƙugu ya juya can dabba za ta. Kafin ya kai sha biyu babu maraƙin da ke wuce shi, sai ya manne da shi yana ja da baya har ya mai da shi ciki. Tun lokacin nake ce masa Kaska.

Watan jiya babban mai tsaron kusurwarsu ya gurɗe a ƙafa. Kocin ya kira Montrell ya ce ranar Asabar shi zai fara, in ya riƙe wurin ya zama nasa, in kuwa ya zubar akwai wani sabon yaro mai taurari huɗu yana jira a benci. Ranar Lahadi ya zo gida, ya ci kaza har ƙashi, sannan ya zaro tikiti ya ajiye gabana. Ya ce Kaka, ya san labarin ƙofar, ba ya neman in karya magana, amma duk duniya ni kaɗai yake so ya ɗaga kai ya gani. Na ce masa rantsuwar ta girmi uwarsa. Shirlene ta ce taurin kaina ya fi na alfadarin da muka binne. Yaron ya yi dariya, ya ce to in zo ko bakin bango ne, in soya kifi a waje tare da jama'a, ya san dai ina kusa. Wannan na yarda, don bakin bango ba ƙofa ba ne.

Ranar Asabar da hantsi muka ajiye akori-kurata a filin motoci. Na kafa tukunya na soya tarwaɗa da garin masara, ga wake, ga shayi mai ƙanƙara, har wasu ɗalibai suka yi layi suna ce mini Baba. Da lokaci ya yi kowa ya shige, Shirlene ma ta shige tana hararata. Aka bar ni da rediyo da Cleophus, wanda ya biyo mu don kifi. Abokan karawar suna da wani dogon yaro, suka gane sabon hannu ne a gefen, sai suka yi ta aika masa. Karon farko ya wuce Montrell. Karo na biyu ya wuce shi har ya kai ƙwallo gida, na ji filin ya yi gum kamar an rufe tukunya. Mai rediyo ya ce ƙaramin nan shi ne ɓarakar katangar. Cleophus ya ce, da baki cike, ai dama ya faɗa, ba a aika kaza tsaron gona. Ni hankalina yana kan abin da mai rediyon ya ƙara: wai dogon ya gyaɗa kai ciki wajen tsakiyar fili, yaron ya bi, shi kuwa ya fita waje ta gefe.

Vernice, kai yake kallo! Jikana da na raina a bakin shinge yana kallon kan maraƙi! Tsoro ne da hayaniya suka ɗauke masa ido sama, na sani kamar ina wurin. Aka busa hutun rabin lokaci. Na kashe wutar tukunya, na ce wa Cleophus ya tsare kifin daga kansa, na sa hannu a aljihun riga don in ɗauko hankici sai na ji tikitin. Shirlene ce ta cusa, ko da yake ta rantse ba ita ba ce. Gaskiyar da zan gaya miki ita ce ban tsaya na yi shawara da zuciyata ba. In maraƙi ya ɓalle ba ka tsayawa tuna wanda ya ɓata maka rai. Wata yarinya a ƙofa ta haska takardar da wata 'yar na'ura, ta ce barka da zuwa ranka ya daɗe, ko in nuna maka wurin zamanka. Na ce mata 'yata, matakalar nan ni na zuba ta, na wuce. Ban ɓata ko taku ɗaya ba. Na gangara har ƙarfen da ke saman ramin da 'yan wasa ke fitowa.

Da suka fara fitowa duk a cikin kwalkwali, ga ganguna, ga ihu, na san ko na kira sunansa ba zai ji ba. Sai na cika ƙirji na yi kiran da nake wa shanu da yamma: suuk, suuk, suuuk! Mutanen da ke kusa suka waiwayo, wani ya ce tsohon nan lafiya kuwa, wani mai gadi ya fara matsowa. Amma mai lamba ashirin da tara, Montrell ke nan, ya tsaya cak, har na bayansa ya yi karo da shi. Ya ɗaga kai. Ban yi masa murmushi ba, ban ɗaga masa hannu ba. Na nuna kaina na girgiza yatsa, sannan na daki ƙuguna sau uku. Ya daki nasa sau ɗaya, ya ruga.

Abin da ya biyo baya, ƙanwata, gani ya kori ji. Dogon nan ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, Montrell ko kallon fuskarsa bai sake yi ba, yana manne da shi kamar an ɗinke su. Sau uku aka jefo, sau uku ya kaɗe. Saura minti biyu, mu ke gaba da ɗan kaɗan, suka sake gwada dabarar nan tasu ta farko. Dogon ya kai kai ciki, ƙugu ya juya waje, kafin ƙwallo ta sauko jikana ya riga shi wurin, ya tashi sama ya cafke ta ya rungume kamar jariri. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Filin ya ɗauka, siminti yana rawa ƙarƙashin ƙafata. Wata farar mata da ke gefena ta ruƙunƙume ni har hulata ta faɗi, wannan ita ce rawar da Cleophus ke yaɗawa, shi da ko ganin abin bai yi ba, yana waje ya cinye kifin mutum goma. Koci ya ce wurin ya zama na Montrell. Ya kuma gaya wa 'yan jarida wai su suka gano basirar yaron suka goge ta, ko maraƙi ɗaya bai ambata ba, kuma na riƙe wannan. Amma da suka sa wa yaron abin magana a baki, ya ce shanun kakansa ne suka koya masa. Yanzu abokansa duk Kaska suke ce masa.

Kada ki ce na yafe. Ban yafe ba, wanda ya tare ni da sanda ya daɗe a ƙasa, shi da Mahaliccinsa. Aiki ne ya shigar da ni karon farko, aiki ne ya shigar da ni na biyu. Sai dai da mutane suka watse na zauna na dubi bangon gabas ta ciki, abin da ban taɓa gani a kammale ba. Ko tsaga ɗaya babu, Vernice. Sabon ɓangaren da suka ƙara kuwa har ya fara zubar da kwaɓa, aikin 'yan yanzu.

Ga dalilin takardar. Wasan ƙarshe na gida Asabar ce kafin bikin godiya na Nuwamba, kuma Montrell ya kawo tikiti uku. Na Shirlene ɗaya, nawa ɗaya, na ukun Cleophus yana ta zagaya shi kamar ungulu, amma naki ne. Ki hau mota ki zo, gwiwa ba ta hana zama. Rigar Baba tana nan a ƙasan akwatin Earlene, ta yi ɗan ja-ja, wuyan ya yi mini yawa yanzu. Shirlene ta ce za ta goge, na hana. Ke kika goge ta ta je ta dawo, ke za ki goge ta ta shiga.

Ki gaishe mini da Lemuel, ki ce masa ya rage gardama da talabijin. Ki gai da Odessa da mijinta, da Purvis, da 'yan biyun da har yau ban gani ba sai a hoto. Shirlene tana gaisuwa, Montrell ya ce a gaya wa Gwaggo ta zo da murya. Ubangiji Ya tsare hanya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. In kina tahowa, ki sako kaskon Mama a jaka.

Ni ne yayanki,
Ozell Gathright