Lambobi Huɗu a Bayan Baƙin Shafi

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah ya tsare ka a inda kake, ya yi wa aikinka albarka, ya raba ka da sharrin masu sharri. Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai sai a hankali, amma tana iya fitowa bakin ƙofa ta zauna ta yi wa masu wucewa faɗa, ka san idan ta kai ga haka to lafiya ta samu. Maigidana yana fama da shagonsa na walda. Matar Yaya Babba ta sauka lafiya, an sami namiji. Na fara da waɗannan ne don kada ka ga rubutun hannuna gabanka ya faɗi, amma ba zan ɓoye maka ba, ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Rabona da rubuta wasiƙa tun muna makaranta, kai ka mayar da ni.

'Yarka Lauya tana asibiti, yau kwana shida. Yarinyar da ka laƙaba wa wannan suna saboda gardamarta, yanzu ko ruwa aka ba ta ba ta musu, sai ta buɗe baki kawai. Ciwon sikilar ne ya tashi, amma ba irin wanda muka saba ba. Saifarta ta kumbura, jininta yana ta yin ƙasa, tafin hannunta ya yi fari kamar takardar nan. Likita ya ce dole a ƙara mata jini, kuma ba ya son a wuce Juma'a mai zuwa. Ka san matsalarta: ƙarin jinin da aka sha yi mata tun tana ƙarama ya sa jikinta ba ya karɓar na kowa. Na asibiti bai dace ba. Mutum ashirin da uku suka zo aka gwada su, 'yan uwa da maƙwabta da yaran shagon babanta, har da malaman makarantar da nake koyarwa, babu ko ɗaya da ya dace. Duk garin nan mutum huɗu kaɗai muka taɓa samu da jininsu yake shiga jikinta lafiya, kuma lambobin wayarsu suna cikin shafin intanet ɗin da ka rufe.

Ba zan ɗora maka laifin duka ba, don ni na kawo tsarin da ya ɗaure ni yanzu. Lokacin da ka gina mana shafin ƙungiyar iyayen masu sikila, ni na dage cewa kada iyaye su san masu ba da jini. Na ga yadda ake bin mutum har gida ana kuka a ƙofarsa, sai ya ba da sau ɗaya ya canja layi. Shi ya sa muka ce kowa ya zaɓi laƙabi. Uwa ta shiga shafi ta danna, saƙo ya tafi wayar wanda jininsa ya dace, ya zo ta ƙofar ɗakin gwaji ya bayar ya tafi abinsa, ba godiya ba kunya. Shekara huɗu muna haka, ina ta alfahari a taro. To ga shi yau na san 'yata tana rayuwa da jinin Tela da Hagu da Mai Gilashi da Malamar Lissafi, amma ko a hanya muka yi karo da su ban san fuskarsu ba. Ɗakin gwaji ma laƙabin da lambar jakar jini kawai suke rubutawa, haka na roƙe su da bakina.

Da aka kawo dokar nan gaban majalisa, na saurare ka da kyau ranar da ka kira. Ka ce idan ta wuce, jami'i ɗaya zai iya rufe kowane shafi ba tare da an je kotu ba, da zarar wani ya kai ƙara. Ka ce kuma za a tilasta wa masu shafuka su miƙa sunaye da lambobin duk wanda ya yi rajista, mu kuwa mun yi wa mutanenmu alkawarin sirri. Ka ce shafuka da yawa za su rufe fuska da baƙi na kwana uku don mutane su ɗanɗana yadda abin zai kasance, namu ma zai shiga, kuma za ka kulle jerin sunayen da kalmar sirri da kai kaɗai ka sani. Sannan ka tambaye ni tsohon littafin rajista mai koren bango, wanda muke rubuta lambobi a ciki kafin a yi shafin. Ka ce kulle na'ura ba shi da amfani idan littafi yana cikin durowar makaranta. Auta, na ƙone shi. A bayan aji na ƙone shi, cikin garwar da ake ƙona shara, ina jin kaina wata jaruma. Har tsayawa na yi ina juya shi da kara don kada shafi ɗaya ya tsira.

Kwana uku ka ce. Yau kwana goma sha tara. An ɗage ƙuri'ar majalisa sau biyu, ku kuma kun ce ba za ku buɗe ba sai an janye dokar. Manyan shafukan da suka ja ku cikin abin sun buɗe tun rana ta biyu suna harkarsu, sai ku ƙanana masu taurin kai kuka rage. Kullum sai na shiga namu ko Allah zai sa, sai baƙin nan da farin rubutunka a tsakiya, wai haka gobe za ta zama idan muka yi shiru. Na karanta shi har na haddace. Layinka a kashe, saƙon imel ba amsa. Na kira wurin aikinka, wata mata ta ce ka ɗauki hutu. Na tuna ka ce ku masu shirya abin za ku ajiye wayoyinku don kada a bi sawunku, na kuma san ka tun kana rarrafe, idan ka ce ba za ka ci abinci ba sai dai Inna ta gaji. Ba na zargin ka da mugunta. Na san ba ka sani ba ne, kuma rashin sanin naka shi yake neman kashe ni.

A ɗakin da muke kwance ba a maganar komai sai dokar. Gado takwas ne, kowace uwa da rediyonta ko wayarta. Matar gadon kusa da taga tana goyon bayan dokar da dukan zuciyarta. Ta ce a wani shafi ta ga mai tallar maganin da wai yake raba yaro da sikila har abada, ta saya ta ba ɗanta, ƙodarsa ta taɓu, kuma har yau shafin yana nan yana talla ba wanda ya rufe shi. Nas ɗin safe ta ce ita ma tana son a yi maganin irin waɗannan, amma wanda aka ba wuƙar ba mai maganin ƙarya zai fara yankawa ba, wanda ya ɗauki hoton rufin asibitin nan da yake yoyo zai fara nema. Inna da aka kawo ta dubiya ta ce ita ba ta san intanet ba, amma duk abin da ya hana ɗa amsa kiran uwarsa a rufe shi kowa ya huta. An yi dariya, ni ma na yi. Ni har yanzu ina ganin gaskiya tana wajenku. Sai dai gaskiyar ba ta ƙara wa Lauya ko ɗigon jini ba.

Kada ka ɗauka zaune nake. Jiya da shekaranjiya na bi layin teloli shago shago, ina tambaya ko akwai mai ba da jini a ƙungiyar sikila. Wasu suka ɗauka tara kuɗi nake yi, wani ya ce duk telan da ke nan jininsa allura ta gama shanyewa. Wani dattijo ya dakatar da kekensa ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni a hankali ko na tabbata mutumin tela ne, ko kuwa laƙabi kawai ya zaɓa. A nan na zauna a kan bencinsa na yi kuka a gaban mutane. Babanta kuma ya zama kamar wanda ya zautu, duk wanda ya gani yana miƙa abu da hannun hagu sai ya bi shi da tambaya. Na sa an yi sanarwa a rediyo sau biyu, aka karanta ta a tsakanin cigiyar akuya da tallar katifa, ba wanda ya kira.

Yanzu ga abin da ya sa na ce dole takardar nan ta iso hannunka. Akwai shirin muhawara da ake yi a rediyo duk ranar Alhamis da hantsi, wanda tun da aka fara rikicin nan ko'ina ka bi shi ake ji, a shago da mota da ofis. Mai gabatar da shi ɗan goyon bayan dokar ne, bai ɓoye ba. Labarina ya kai masa ta bakin wata ma'aikaciyar asibiti, ya zo da kansa har bakin gadon Lauya. Ya ce zai ba ni rabin sa'a, in kira laƙabin mutanen nan huɗu da bakina, kuma za a maimaita har su ji. Amma ya ce sai na faɗi dalilin da ya sa na rasa su: wane ne ya rufe shafin, me ya haɗa mu, a wane gari yake. Ya ce jama'a suna da haƙƙin su san abin da masu baƙin shafi suke jawowa. Na gane sarai abin da yake so. Yana son uwa tana kuka kwana kaɗan kafin ƙuri'a, kuma yana son sunanka. Na ce masa zan yi shawara. Babanta ya ce in je kawai, Yaya Babba ya ce idan na je na miƙa ka da hannuna ga mutanen da suke neman ku. Tun ranar ba sa gaisawa.

Ban ce ka buɗe shafin ba, Auta. Ka bar shi baƙi har shekara idan kun ga dama, ni ma zan tsaya tare da ku. Lambobi huɗu kawai nake roƙo. Ka ari wayar mai shagon ƙasan gidanku ko ta duk wanda ka yarda da shi, ka kira babanta, ko ka kira su da kanka ka ce su je ɗakin gwaji, ba sai na san su ba. Wani maƙwabcinmu direban babbar mota zai taso yau Asabar, ya ce in Allah ya yarda Litinin yana garinku, kuma ya yi mini alkawarin ba zai ba kowa takardar ba sai kai. Adireshin da ke jikin kwalin da ka aiko wa Inna bara na kwafa masa, Allah ya sa ba ka tashi ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka ji tsoron Allah ka kira. Yaya Babba da mai jego suna gaisuwa, haka Gwaggo da Kawu Ƙarami da babanta. Ka gaishe mini da abokinka Dogo idan kuna tare. Lauya ta ce in gaya maka ba ta fushi, wai ka zo da kanka.

Zan jira har safiyar Alhamis. Idan ban ji daga gare ka ba zan shiga gidan rediyon nan, kuma duk abin da ya tambaye ni zan faɗa, har sunanka. Na gaya maka tun yanzu ne don ka samu ka bar ɗakin da kake zaune kafin ranar. Ka yafe mini.

Wassalam,
Yayarka, uwar Lauya.