Na'ura Biyu, Lamba Ɗaya

Nassarawa, Birnin Kebbi

Zuwa ga ƙanena Taufiq,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin ƙasar Turawa bai gama da gwiwoyinka ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa a gama karatu da albarka. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafa, har ta je Zauro ganin shinkafarta ta dawo tana faɗa da masu yanka. Mai ɗakina Munira ta yaye Abu, gidan dai sai haƙuri.

Dalilin wasiƙar nan, wani abu ne ya ɗaure mini kai, kai kuma lantarki ka karanta. Ka san ni malamin tarihi ne, amma tunda aka yi ni mataimakin shugaban makarantarmu ta koyon sana'a, duk abin da ke da waya sai a ce a tambaye ni. Da aka ba mu jiha, an kawo mana kwamfuta ɗaya, da sharaɗin a haɗa ta da na'urorin gwaji na ɗakin lantarki. In sufeto ya zo bai ga tana aiki ba, a kai ta makarantar Argungu. Na'urorin biyu ne: mitar auna ƙarfin wuta, wadda ke hannun Malam Hodi, da wata mai ɗan allo da ke zana wuta kamar tsutsa tana rawa, ta Malam Kalilu. Wani injiniya ya zo daga Sakkwato ya ɗaura su da kebul mai kaurin igiyar shanu. Ya ce kwamfuta ce za ta riƙa ba su umarni tana karɓar amsa, amma kowace sai an sa mata lambarta da 'yan makunnan da ke bayanta, don in an kira ta ta san da ita ake. Ya ci tuwo ya tafi.

To, Malam Hodi ya ce ya riga kowa shiga makarantar nan, don haka mitarsa ce lamba ɗaya. Malam Kalilu ya ce shi ne shugaban sashe, kuma kakansa ya karantar da kakan Hodi. Kowa ya zagaya ya sa ɗaya. Da aka kira lamba ɗaya sai duk biyun suka amsa tare, allon ya cika da wani rubutu, ba boko ba, ba ajami ba. Abin da ya fi ɓata wa Hodi rai, da kwamfuta ta kama mitar sai maɓallan gabanta suka daina jin yatsansa. Ya ce tun yana saurayi yake danna ta, yau wata baƙuwa daga ƙuryar ɗaki ta hana ta gaishe shi.

Na rasa yadda zan yi, sai na kai maganar gaban limamin unguwa. Ya yi musu nasiha kan tawali'u har Kalilu ya share ido. Suka yi musabaha, na kwana da murna. Ashe da safe kowannensu ya lallaɓa, ba tare da gaya wa ɗan'uwansa ba don kada ladan ya ragu, ya bar masa lamba ɗaya ya koma biyu. A ranar kuwa sufeto ya zo. Aka kira ɗaya, shiru. Aka kira biyu, suka sake amsawa tare. Mutumin ya dube ni, na dubi rufi.

Yanzu don Allah ka warware mini. Lambar nan girma ce ko suna ne kawai? In suna ne, me ya sa abin da aka ce ya fi mutum lissafi ba zai gane murya biyu ba, alhali Inna daga ɗaka tana bambance tarin kowannenmu? Amsar ba za ta tsai da komai ba. Ranar Asabar mota za ta kai kwamfutar Argungu, inda na ji mita ɗaya gare su da malami ɗaya. Hodi da Kalilu kuwa yanzu tare suke cin abinci, sun haɗu a kan cewa laifin nawa ne.

Ka gai da mai ɗakinka Nuriyya da 'yar jaririya Ummu Hani. Inna da Baiwa da Kawu Zayyanu duk suna gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka, yayanka,
Munzali