Ruwan da na yayyafa wa mazubi

Maitumbi, Minna.

Zuwa ga Yayana Faruku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Yau shekara biyu da wata bakwai ke nan rabona da Haɗeja. Na samu labarin 'yata Yasmin ta shiga makaranta, Allah Ya yi mata albarka; ban san ko za ta gane ni ba in na dawo. Na ba direba takarda maimakon in kira ka, don na san Inna na zaune kusa da kai duk lokacin da waya ta yi ƙara, kuma maganar nan ba na son ta fara jin ta daga bakina.

Ba ka taɓa tambayata irin aikin da nake yi ba, kullum tambayarka yaushe zan aiko. Ban ce ba ka da gaskiya ba, kai ke ɗauke da gida. To yau bari in faɗa maka. Akwai masana'antu a kudu da ke tsoma kwanon rufi cikin narkakkiyar tutiya, wadda a nan ake ce wa zinki, don kada ya yi tsatsa. Tokar da suke kwashewa daga saman tukunyarsu ita ake kawo mana a buhuna. Mu daka, mu tankaɗe, mu narka a ƙatuwar tukunyar ƙarfe, mu yaye dattin, mu zuba a mazubi na ƙarfe ya daskare ya zama bulo. Farin hayaƙinta na sa mutum rawar ɗari kamar mai zazzaɓin sauro, maganin da muka sani kawai shi ne shan madarar gwangwani. Mai wurin, Oga Julius, albashinsa ba ya kai mutum ƙarshen wata, amma yana da al'ada ɗaya mai kyau: duk abin da aka share a ƙasa na ma'aikata ne, ranar Asabar mu narka wa kanmu. Da wannan shara nake tara bulon da na yi alkawarin zan sayar in rufa wa Inna ɗakinta kafin damina. Ka ga ikon Allah, ina kwana cikin abin da ake shafa wa kwano, uwata na tara ruwan rufi a roba.

Asabar ɗin da ta wuce hadari ya haɗo ta gabas, kuma ruwa na sauka a nan tun ku ba ku fara shaƙar ƙamshinsa ba. Ni da abokin aikina Ndagi, wani Banufe mai 'ya'ya huɗu a unguwar Kpakungu, muna sauri mu gama kafin ya sauko. Mazubin ya yi zafi, ina so ya huce mu sake zubi. Yaya, ka tuna maƙerar Baba, yadda muke jiƙa yashi kafin a zuba tukwanen alminiyam? Shekara goma sha biyar hannuna na yin haka. Ban yi tunani ba, na ɗebi ruwa na yayyafa. Yashi yana numfashi, ƙarfe ba ya yi. Tun ranar da na fara aiki Ndagi ya gargaɗe ni, ya ce ko zufa kada in bari ta ɗiga a mazubi. Bai ga lokacin da na yi ba, ya juyo da ludayi ya zuba. Ƙarar da ta tashi har masu Keke Napep a bakin titi sai da suka tsaya. Ni bayan hannuna na hagu ya saluɓe, shi kuwa a fuska ta same shi. Sabo turken wawa. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ni na ɗebo, sai ya faɗa a idon wani.

Likita ya ce idon dama ya tafi, na hagu ana iya cetonsa in an kai shi Kaduna an yi aiki cikin mako biyu. Yau kwana biyar. Oga Julius ya biya kuɗin kwanciya, sannan ya ce Asabar ba ranar aikinsa ba ce, ya wanke hannu. Na ji haushinsa ƙwarai, amma ba shi ya yayyafa ruwan ba. Abin da ya fi ci mini rai, Ndagi ya gaya wa matarsa wai ɗigon hadari ne ya faɗa a mazubi. Da na je duba shi, fuska duk a naɗe, sai ya laluba ya kama hannuna, ya ce in rufe bakina, Bahaushe da yawan surutu, ai ruwa ruwa ne. Har yana tsokanata wai yanzu ya huta da ganin munina. Matar na yi mini godiya don na kawo ayaba. Na fita waje na zauna a kan dakali.

Saboda haka na yanke shawara zan sayar da bulon in kai shi Kaduna. Dillalin da ke sayen bulo ya ji ƙanshin matsuwa ya karya farashi, ban da yadda zan yi da shi. Ba izini nake nema ba, Yaya, taimako nake roƙo. Rufin Inna ba zai kai Agusta ba, kai ma ka sani. Don girman Allah ka mayar da ita ɗakinka na zaure kafin ruwa ya iso muku, ko da za ta ƙi, ko da za ta ce ba ta barin ɗakin da Baba ya rasu a ciki. Ka gaya mata gaskiya duka, har da ruwan da na yayyafa. In ta yi fushi da ni, ta yi, na cancanci a yi fushi da ni. Ɗaki ana sake rufa shi baɗi, ido ba a sake shi.

Ka gaishe da Inna, ka roƙa mini gafararta. Ka gaishe da Yaya Hansatu da Kawu Ɗanjummai. Ka ce wa matata Lailatu ta ƙara haƙuri, Sallar bana ma ba da ni ba, ta shafa mini kan Yasmin.

Abin da na tara a shekara biyu da wata bakwai bulo ashirin da uku ne. Goma sha tara za su tafi Kaduna. Saura huɗu, suna ƙarƙashin gadona, na Inna ne, daga su zan sake farawa in hannun ya warke.

Ƙaninka,
Ladan