Launin Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙi ƙwarai, har tana fitowa tsakar gida da sandarta, sai dai mantuwar da ciwon ya bar mata tana nan. Matata ta ce in gaya miki ɗanki ya fara tafiya, yanzu ba abin da ke tsira a kan tebur.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar ƙofar gida. Kin san an sa gidanmu cikin tsofaffin gine-ginen da ake gyarawa a layinmu, da sharaɗin a mayar wa kowanne launinsa na asali. Da aka tambaye mu, ni da Auta muka ce shuɗi ne, don shi muka buɗe ido muka gani. Inna ta ce a'a, ranar da ta fara shigowa gidan nan ƙofar koriya ce, kore mai duhu kamar ganyen da ruwa ya wanke. Yaya, da kunya nake faɗa miki, dariya muka yi. Har na ce mata ta huta, ƙofar wani gidan ce take tunawa. Ba ta musa ba. Ta dai ja bakinta, kwana uku ba ta tanka a hirarmu ba.

Sai aka turo wata mata mai binciken tsohon fenti. Da 'yar wuƙa siririya ta yanko ɓarɓashi, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, daga gefen ƙofar da kuma ƙarƙashin ƙarfen sakata, inda ta ce rana ba ta taɓa cin launin ba. Bayan mako biyu ta dawo da hoton da ta ɗauka da na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Ashe fenti hawa tara ne a ƙofar nan, jere kamar zannuwa a akwati! Shuɗi hawa-hawa a sama, ƙarƙashinsa fari da ruwan ƙasa, can a jikin katakon kuwa ga kore har hawa biyu. Ta nuna mana wani siririn layin datti a kansa, ta ce shi ne shaidar koren ya yi shekaru kafin a rufe shi.

Inna ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ɗora yatsa a kan koren, ta ce ai ta gaya mana. Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ta ce in tashi, tun ina ƙarami kunnena na ado ne. Tun ranar bakinta ya buɗe. Jiya har ta faɗa mana inda tsohuwar taga take kafin a toshe ta, kuma magini ya ƙwanƙwasa ya same ta.

To, ga inda maganar ta zo kanki. Shuɗin ƙarshe na can sama ke da marigayi Baba kuka shafa shi a makon da za ki tafi gidan miji, ban manta yadda kuka ɓata tufafinku kuna dariya ba. Ba zan bari a taɓa shi ba sai da yardarki. Matar ta ce ba za a kankare komai ba, koren za a ɗora a kai, shuɗinku yana nan a ƙarƙashi, sai dai ta ciki za a ɗan kankare wuri kamar tafin hannu da zai nuna duka hawa taran. Mai fenti zai jira amsarki har ƙarshen wata. Inna ta ce in rubuta miki cewa in ranki bai so ba a bar ƙofar yadda take, ita dai an yarda da maganarta, wannan ya ishe ta.

Ki gaida maigidanki da 'yan biyunki, ki shafa min kan 'yar lelenki. Inna, Gwaggo, Auta da matata duk suna gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Ƙaninki